Farawa sura 1 da sura 2: labari ɗaya ne ko biyu?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa a Littafin Farawa dabbobi suka riga mutum a sura ta 1, amma a ta 2 sai mutum ya riga su. Ba kai ka fara tuntuɓe da wannan ba. A 1753 wani likita Bafaranshe, Jean Astruc, ya lura cewa har sunan Allah sauyawa yake: daga farko zuwa tsakiyar 2:4 Elohim ne, daga nan sai Yahweh Elohim, wato "Ubangiji Allah" a fassarar Hausa. A 1878 Bajamushe Julius Wellhausen ya tsara ra'ayin cewa rubuce-rubuce daban-daban aka saƙa wuri ɗaya. Labarin sura ta 1 ana kiransa P, na firistoci, na sura ta 2 kuma J, daga Jahwe, yadda Jamusawa ke rubuta Yahweh.

P yana farawa da ruwa da duhu. Allah bai taɓa komai da hannu ba, magana kawai yake yi abu ya kasance, rana bayan rana, kamar sarki yana ba da umarni daga fada. Namiji da mace tare aka halicce su a rana ta 6, cikin siffar Allah, aka huta a ta 7. Ga wani abu da nake so: bai ambaci rana da wata da sunansu ba, "babban haske" da "ƙaramin haske" ya ce. Masana da yawa suna ganin da gangan ne, don maƙwabta bauta musu suke yi, kuma suna danganta rubutun da zaman bauta a Babila bayan faɗuwar Urushalima a 586 kafin haihuwar Almasihu.

J kuwa da busasshiyar ƙasa ya fara, ba ruwan sama, ba manomi. Allah ya ɗebi ƙasa ya gina mutum, kalmar Ibrananci ma ta maginin tukwane ce, ya hura masa numfashi a hanci. Adam daga adamah, mutum daga ƙasa. Ya dasa gona, ya ga zaman kaɗaici bai dace ba, ya yi dabbobi ya kawo a raɗa musu suna, sannan mace daga haƙarƙari. Da sanyin la'asar yana yawo cikin gonar, bayan laifin ma shi ya yi musu rigunan fata. A ganina nan ne asalin bambancin, a P Allah yana nesa, a J yana kusa, batun wa ya riga wa ƙarami ne.

Ka duba ruwan tsufana, nan an cuɗa P da J cikin labari ɗaya. A 6:19 dabbobi biyu-biyu Nuhu zai ɗauka, a 7:2 masu tsarki bakwai-bakwai. Dalili? A J Nuhu zai miƙa hadaya bayan saukowa, dole a sami rara. A P kuwa ba hadaya sai zamanin Musa a Sinai.

Kada ka ɗauka kowa ya yarda. Malamin Yahudawa Rashi, a ƙarni na 11, ya ce sura ta 2 bayani ne dalla-dalla na abin da ta 1 ta taƙaita, masu riƙe cewa Musa ne ya rubuta Attaura kuma har yau haka suke karantawa. Su kansu masana na zamani suna ta jayayya kan shekarun J, wasu ma ba su yarda littafi ne guda ba. P ne dai kusan duka suka amince da shi, don salonsa na ƙirga kwanaki da jera zuriya ba ya ɓuya.