Irin kardun da na saya: abin da na gani bayan shekara uku

Shekara uku ke nan da na sayi buhun irin kardun, ƙayar nan da masana ke kira Cynara cardunculus, na shuka a rabin hekta na wata gona mai tsakuwa da hatsi ya daina yi a cikinta. An rubuta a jikin buhun cewa shuka ɗaya za ta ba ni makamashi da abincin dabbobi, kuma ba sai na yi ban-ruwa ba. Maganar da gaskiya a ciki, amma ba a faɗe ta duka ba.

Irin kansa ba ni da abin cewa: tsaf yake, ba tsakuwa, ba ƙwari, kuma ya tsiro sosai. Shekarar farko ce ta gwada haƙurina. Ganye ne kawai ya baje a ƙasa, ciyawa ta nemi danne shi, sai da na yi noma sau biyu. Ashe aikin a ƙarƙashin ƙasa yake, saiwa ce ke nitsewa tana bin laima. A shekara ta biyu karan ya wuce mita 2, ya yi furanni shuɗi-shuɗi masu ratsin ja, ƙudan zuma suka cika gonar. Da zafi ya tsananta sai ya bushe ƙarmas kamar ya mutu. Ruwa na sauka ya sake tohowa daga gindi, kuma haka zai riƙa yi wajen shekara 10 ba tare da an sake shuka ba. Wannan kaɗai ya isa in ce kuɗina bai tafi a banza ba.

Ga abin da ya ɓata mini rai. Kardun ɗan yankin Bahar Rum ne, inda ruwa ke sauka lokacin sanyi, zafi kuma ya zo da fari. Yana son ruwan sama kimanin milimita 450 a shekara, kuma a wannan lokacin na sanyi yake son su. Ni na yi dace haka yanayin gonata yake. Wanda ruwansa ke zuwa a tsakiyar zafi kawai, kalmar "mai jure fari" za ta iya yaudararsa, kuma buhun bai ce uffan a kan wannan ba.

Batun dabbobi kuma, tumakina sun ci ɗanyen ganyen da na yanka lokacin sanyi, musamman idan na bar shi ya yi laushi sannan na daddatsa. Amma sashen da na yanka bai yi kara kamar wanda na ƙyale ba. Dole mutum ya zaɓi wanda ya fi so, harawa ko kara. Wasu gindin ma ƙayarsu ta yi yawa har safar hannu take hudawa, alamar irin ba a tace shi sosai ba.

Ƙwayar tana da mai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinta. Ana yin dizal na tsirrai da shi, kuma saboda wannan man ne manoma suka shiga nomansa a kewayen Porto Torres da ke tsibirin Sardiniya na ƙasar Italiya, inda aka buɗe masana'antar Matrica mai sarrafa man tsirrai zuwa sinadarai a 2014. Ni ɗan kaɗan na matse, tunkuzar na gauraya da dusa, tumakin ba su bar ko ɓurɓushi ba.

Karan yana ci da wuta sosai, sai dai toka ta yi masa yawa. Akwai sinadaran fotash da kilorin a ciki, suna sa tokar ta narke ta manne a jikin murhu. Sai da na riƙa haɗa shi da itace kafin abin ya yi sauƙi. Ranar girbi kuwa farar audugar kawunan furannin tana tashi sama, ta toshe wa injin girbi hanyar shan iska, ta shiga ido da hanci.

Wannan audugar ita ke ɗauke da iri, kuma haka shukar ta zama annoba a makiyayan Kalifoniya da Ajantina da Ostareliya. Saboda gonakin maƙwabta nake sare kawunan bakin iyaka tun kafin su buɗe.

Bana zan ƙara wani ɓangare na gonar, amma sai mai sayarwa ya nuna mini iri marar ƙaya sosai kafin in biya.