Kifin Kribi: a saya da safe, kuma kada a bar mai gasa shi ita kaɗai

Ana kai mutum garin Kribi na ƙasar Kamaru ne da sunan ruwan Lobe, wanda ke gangarowa daga kan duwatsu ya zuba kai tsaye cikin teku, kamar kilomita 7 kudu da gari. Yana da kyau, amma awa ɗaya ta ishe shi. Abin da ya cancanci wahalar hanyar Duwala zuwa Edeya zuwa Kribi shi ne kasuwar kifi ta bakin kogin Kienke, wadda kowa ke kira debarkade.

Laraba da Asabar ne kwale-kwale suka fi sauke kaya, kuma da hantsi ake samun na kirki. Wanda ya je da la'asar ragowa zai tarar, kifin da ya sha ƙanƙara har idonsa ya yi fari. A ɗaga murfin kunnensa, in ciki ja ne jawur to na yau ne. A danna gadon baya da yatsa, in wurin ya lotsa bai taso ba a wuce gaba. Wanda suke kira bar shi ya fi dacewa da gashi, namansa fari, ƙaya kaɗan. Jatan lande kuwa na kogin Lobe ake nema, wanda ake kamawa da tarkon kwando, manya ne kuma ba su da ƙarni. Har nan ban da ƙorafi ko ɗaya.

Matsalar tana wajen gashi. Kai ke sayen kifinka, sannan ka miƙa wa ɗaya daga cikin matan da ke da murhu a gefen kasuwa. Wata ta karɓi bar mai kilo biyu, ba ta tsaga jikinsa ba, ta ɗora shi kan gawayin da ke ci bal-bal, bayan minti goma sha biyar ta kawo. Fata ta ƙone ƙurmus, wajen ƙashi kuma jini. Ko tantama babu, kifi mai kauri haka yana son tsaga uku ko huɗu a kowane gefe har wuƙa ta taɓa ƙashi, garwashin da ya kwanta ya yi toka-toka, da aƙalla rabin awa ana juyawa ana shafa kayan haɗi. Ranar Asabar layi ya yi musu yawa, sai su riƙa korar aiki. Da aka mayar mata ta ƙara gasawa, sai ya bushe ya zama kamar katako, kuma kuɗin gashi ya tashi, wai an ci gawayi sau biyu. Wannan ya ɓata min rai fiye da kifin da aka lalata.

Saboda haka a yanke kuɗin gashi tun kafin kifi ya bar hannu, a faɗi ko da soyayyar agada ne ko da miyondo, wato curin rogon nan da ake naɗewa a ganye. A tsaya a ga an tsaga. Ƙanana biyu sun fi babba ɗaya saurin nuna. Wanda ba ya son zama kusa da masu shan giya ya sa a naɗe masa ya tafi bakin rairayi wajen hasumiyar fitilar da Jamusawa suka gina a 1906.

Shi ma Lobe, tunda an zo kansa, masu kwale-kwale ba duka ke da rigar ruwa ba, kuma a Satumba da Oktoba ruwan yana da ƙarfi sosai. In babu riga, a tsaya a bakin gaɓa, ana ganin komai daga can.