A rubuta tarihin tun farko ko a bari wasa ya haife shi?

Ɗan'uwa tambayarka dai ita ce, yanzu da kuka ƙirƙiri duniyar wasanku a Discord, manhajar nan ta hira, kowa ya ɗau rol ɗinsa, wani sarki wani bafatake wani boka, shin ku zauna ku rubuce tarihinta kaf kafin a fara, ko ku fara kawai tarihin ya fito daga abin da kuka aikata. Duka biyun ana yi, amma inda suke kawo rigima daban ne.

Rubutawa tun farko daɗinsa shi ne sabon shiga yana da abin karantawa, ya san wane gari ne ya ci wane da yaƙi, ba zai zo ya ce kakansa ne ya kafa masarautar da aka riga aka ce aljanu suka gina ba. Matsalar kuwa, mutum ɗaya ko biyu masu zafin rubutu su ne za su cika shafuka, sauran ba za su karanta ba wallahi, daga nan adimin ya koma mai gadi, duk abin da ka kawo ya ce ai ba haka tarihi ya ce ba, wata ya zo ya wuce ana gyaran taswira ba a buga komai ba. In wannan hanyar za ku bi to ku ari dabarar Microscope, wasan ƙirƙirar tarihi da Ben Robbins ya fitar a 2011. Ana fara yarda da mafarin tarihin da ƙarshensa, a yi jerin abin da aka yarda ya shigo da wanda aka hana, sannan a riƙa zagayawa kowa ya saka zamani ko aukuwa a duk inda ya ga dama, gaba ko baya, kuma abin da wani ya riga ya saka ba ka da ikon ƙaryata shi.

Ɗaya hanyar kuma babban misalinta EVE Online ne, gem ɗin onlayin na jiragen sararin samaniya, na kamfanin CCP da ke Iceland, tun 2003 ake buga shi. A watan Janairun 2014 aka yi yaƙin B-R5RB, wani yanki a cikin gem ɗin, sanadinsa wai kuɗin riƙe yankin ne wata ƙungiyar 'yan wasa ba ta biya kan lokaci ba, abokan gaba suka ga ƙofa suka afka, aka kwashe wajen awa 21 ana gwabzawa, jaruman 'yan wasa sama da 7,500, manyan jiragen da ake kira Titan guda 75 suka ƙone. Ba marubucin da ya tsara wannan, kuma har kamfanin ya kafa abin tunawa a wurin cikin gem ɗin. Irin wannan tarihin ya fi shiga rai don kana wurin aka yi. Sai dai fa a can kwamfuta ce alƙali, ita ke riƙe wa ya ci wa ya faɗi. Ku a Discord ba ku da wannan, saƙo ne ke bin saƙo, mai data da mai kwana a onlayin su ne za su yi tarihin, kai da netwok ya ɗauke maka kwana biyu ka dawo ka tarar an ƙone garinka an aurar da ƙanwarka.

Akwai ma 'yan SCP Foundation, masu rubuta labaran ƙirƙira tare a intanet, da suka samo asali daga wani gajeren rubutu a dandalin 4chan a 2007, su cewa suka yi babu wani tabbataccen tarihi guda, labarai na iya saɓa wa juna, ƙuri'ar masu karatu ke sa a bar rubutu ko a goge. Yana musu aiki don kowa nasa yake rubutawa, amma ku da jarumanku ke haɗuwa a fada ɗaya ba zai yiwu sarki ya mutu a wajen wani yana raye a wajen wani ba.

Ni dai na fi karkata ga ta biyun, amma da ɗan ƙashin baya daga ta farko. Shafi ɗaya ya isa, mafari, jerin sarakuna, manyan yaƙe-yaƙe biyu ko uku, da abin da aka hana. Ku buɗe canel guda na tarihi zalla ba hira, duk mako wani daban ya rubuta abin da ya faru, kar ya zama kullum adimin. Kuma ku kafa doka tun yau, ba a kashe jarumin mutum ko a ci garinsa sai yana nan ya amince.