Gidan Kallon Ƙwallon Amurka a Agege

A Agege akwai wani gidan kallo da ya ware daren Asabar don wasannin ƙwallon Amurka na jami'o'i, kuma abin da ya fi burge ni a wurin shi ne mai gidan, wanda ke tsayar da bidiyo bayan an tashi wasa ya yi wa jama'a bayani da Hausa.

Darasin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne dalilin da ke sa 'yan gaban wata ƙungiya su yi ta cin ƙananan abokan hamayya, amma su kasa kataɓus a gaban manya. Ya kawo misalin Iowa, wadda ta ci wasanni 10 a kakar 2023, duk da haka Penn State ta doke ta 31-0, Michigan 26-0, Tennessee kuma 35-0. Ya nuna mana cewa matsalar tana farawa daga mutum biyar da ke kare mai jefa ƙwallo, domin idan masu tsaron abokan hamayya suka fi su ƙarfi da sauri, gudu da ƙwallo ya toshe, mai jifa kuma ba ya samun sukunin duba abokansa, sai ƙungiyar ta riƙa isa yunƙuri na uku cikin huɗun da ake ba ta don ta ci gaba da yadi goma, alhali da sauran yadi masu yawa, inda kowa ya san jifa za a yi.

Hoton allon yana da kyau, janareto ma ba ya yankewa. Sai dai bencin yana da tauri ga wasan da kan wuce awa uku, kuma saboda bambancin lokaci, manyan wasannin dare sukan kai har kusan asuba, abin da ke wahalar da masu fita kasuwa da sassafe.