Ƙwayar Aquatabs a sansanin waɗanda girgizar ƙasa ta raba da muhallinsu

Da zarar ƙasa ta girgiza, bututun ruwa kan fashe, ruwan masai ya cuɗanya da na sha. Shi ya sa aka raba wannan ƙwaya, wadda ake jefawa a ruwan sha don ta tsaftace shi da sinadarin kulorin, sosai a Haiti bayan girgizar 2010, musamman da kwalara ta ɓarke a watan Oktoba na shekarar.

Aikinta ba wuya. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 67 a jarka mai lita 20 ta ruwa garau, a rufe, a jijjiga, a jira minti 30. Idan ruwan ya gurɓace da laka, a fara tace shi da tsaftataccen ƙyalle, sannan a jefa biyu, domin laka na cinye sinadarin kulorin tun kafin ya kai ga ƙwayoyin cuta. Nan ne mutane kan tafka kuskure.

Ba ta da nauyi, tana kuma shekara 5 a cikin ledarta ba ta lalace ba.

Inda ta gaza: ƙanshin kulorin kan sa yara ƙin sha, ba ta kashe Cryptosporidium (wata ƙwayar cuta mai sa gudawa), ba ta kuma cire gubar sinadarai ko man fetur. Girmanta ma iri-iri ne, don haka a duba miligiram a jikin leda kafin a raba.