Zagayen gidan giya a Sanlúcar: kallo ya yi, amma ruwa kawai na sha da kuɗina

Masu zama Sifaniya da wurin aiki ke jan su irin wannan yawon, ku tambaya tun kafin ku biya ko akwai tikitin wanda ba ya sha, don gidan da muka je a Sanlúcar de Barrameda babu. Kuɗi ɗaya ne da mai sha da mara sha. Tun a waya na gaya wa matar da ta ɗauka ni ba na taɓa giya, ta ce ba komai za a tanadar min wani abu.

Shi kallon kansa gaskiya ban zaci zai burge ni haka ba. Ɗaki ne mai dogon rufi, ga sanyi, ƙasan ma yayyafa masa ruwa suke yi saboda danshi, gangunan katako baƙaƙe an jera su bisa juna. Akwai ɗaya da aka sa wa gilashi a fuska an kunna fitila ta baya, sai ka ga ruwan inabin garau, samansa kuma wani farin yis ya kwanta kamar yanar da ke kan koko idan ya huce. Flor suke ce masa. Ganga mai cin lita 600 ba sa cika ta, wajen 500 suke zubawa don yis ɗin ya samu iska, shi kuma ya rufe ruwan kar iskar ta taɓa shi, shi ya sa ba ya yin duhu. Mai zagayawa da mu ya ce manzanilla, wato giyar da aka san garin da ita, ana ƙara mata barasa ta kai kashi 15, amma wannan fari da suke taƙama da shi yanzu, vino de pasto, ba a ƙara masa komai, inabin palomino ne kawai daga farar ƙasar nan tasu ta albariza. Har nan wallahi na ce kuɗina sun halatta.

Sai aka zo wajen ɗanɗanawa. Mutumin ya zura wata doguwar gora siririya cikin ganga ya ɗebo, ya tsiyaya daga sama cikin kofi ko ɗigo bai zube ba, kowa na tafi, kowa an jera masa kofuna da zaitun da cuku da yankan naman alade, ni kuma aka dire min kofin ruwa, ruwa fa, ko lemon kwalba babu, a garin da inabi ne ko'ina. Cukun ma faranti ɗaya da aladen. Na tuna wa wata ma'aikaciyar gidan maganar da muka yi a waya, ta ɗaga kafaɗa ta ce ai ba ita ta ɗauki wayar ba. Haka na zauna ina kallon abokan aiki suna ta cewa gishiri-gishiri, wai iskar teku ce, wani ya ce ƙanshin kwaɓin burodi, ni ko oho.

A shagonsu na sayi ruwan khal na Jerez, Reserva, wanda ya shekara 2 a ganga, ya yi daɗi sosai a kwaɗon tumatir da albasa, tsaminsa ba ya yankan harshe. Amma da na koma Sevilla na ga irinsa a babban kanti ƙasa da yadda suka sayar min, raina ya sake ɓaci. Na tura musu saƙo kan a rage min ko rabin kuɗin tikitin, shiru kake ji har yau. Tauraro biyu na ba su.