Wata shida da na'urar faifan 4K: abin da na gani tsakaninta da kallo ta intanet

Jama'a ni fa da farko dariya nake wa masu sayen faifai, ina cewa wa ke da lokacin tashi daga kujera ya je ya buɗe kwali ya zaro faifai a wannan zamanin bayan komai yana cikin rimot. To yau wata shida ke nan da na sayi na'ura mai karanta faifan Ultra HD Blu-ray, wato faifan fim mai hoton 4K tar-tar, kuma ban daina biyan kuɗin wata na kallo ta intanet ba, duka biyun a tibi ɗaya nake haɗa su, don haka abin da zan faɗa ganau ne ba jiyau ba.

Abin da ya tunzura ni shi ne wani fim da nake masifar so, duk shekara sai na maimaita shi, yana cikin jerin da na ajiye a manhaja. Wani dare na kashe fitila na gyara zama na rubuta sunansa, sai kawai manhajar ta watso min wasu fina-finai daban wai masu kama da shi. Na goge na sake rubutawa ko harafi na tsallake, shiru kake ji. An cire shi, ba sanarwa ba sallama. Ashe yawancin fina-finan nan su ma kamfanonin manhajar hayarsu suke karɓowa daga masu su na wani wa'adi, da yarjejeniya ta ƙare sai fim ya koma wani gidan ko ya ɓace ɓat. Kai har wanda suka shirya da kansu ma cirewa suke, Disney+ ta kwashe gomman fina-finai da shirye-shiryenta a watan Mayun 2023 don rage kashe kuɗi.

Wani zai ce to ka saya mana a intanet ɗin ya zama naka. Nan ma da sauran rina a kaba. Maɓallin nan da aka rubuta saya a kai, izinin kallo kawai kake biya, fim ɗin yana can a rumbun kamfani. A 2022 mutanen Jamus da Ostiriya da suka sayi fina-finan kamfanin StudioCanal a shagon intanet na PlayStation sun wayi gari an kwashe su daga akawun ɗinsu saboda batun lasisi, kuɗinsu suka biya fa. Abin ya kai jihar Kalifoniya a Amurka ta yi doka a 2024 cewa dole mai sayar da kayan intanet ya fito fili ya gaya wa mutum lasisi ne yake karɓa. Faifai kuwa in ya shigo ɗakinka ya shigo ke nan, ka ara wa abokinka, ka kyautar, ka sayar in ka gaji da shi, ba wanda zai miƙo hannu ta waya ya ɗauke.

Bari mu zo kan hoto, don nan ne na fi ɓata lokaci. Na samu fim ɗaya da ke manhaja a 4K kuma ina da faifansa, na riƙa tsayar da wuri ɗaya ina sauyawa tsakaninsu kamar mara aikin yi. In da rana ne a fim ɗin, mutane na zaune suna hira, wallahi da ƙyar za ka bambance, na intanet ɗin ya yi ƙoƙari sosai. Amma akwai wani wuri da jarumin ke tafiya cikin duhu da hazo yana riƙe da tocila, a na intanet baƙin nan sai ya farfashe ya zama 'yan murabba'ai suna motsi a bango, hasken tocilar kuma ya yi zobe-zobe hawa-hawa kamar an zana da alli. A faifai duhun sumul yake, kana ganin saƙar rigar mutumin da ƙurar da ke yawo cikin hasken. Dalilin ba wani sihiri ba ne, matse hoto ne. Faifan 4K yana ɗaukar gigabait 66 ko 100. Netflix kuma da bakinta ta ce 4K ɗinta na cin har gigabait 7 a awa, wato fim na awa biyu bai wuce 14 ba, kuma layin megabit 15 a daƙiƙa ya isa a kalle shi. To ka ga dole an zubar da wani abu a hanya, kuma wuraren duhu da hayaƙi da ruwan sama su ne ke fara tona asiri.

Sauti ma haka, faifai na zuwa da nau'in sauti na Dolby TrueHD ko DTS-HD da ba a rage musu komai ba, na intanet yawanci Dolby Digital Plus ne matsattse. Sai dai gaskiya in sifikar jikin tibi kake amfani da ita manta da wannan maganar, ba abin da za ka ji. Ni sai da na jona sifiku na waje sannan na fara jin ƙasan ƙarar tsawa a ƙirjina.

Kada kuma wani ya ji ana yabon faifai ya je ya kwaso tsofaffin DVD yana jiran abin mamaki. DVD fasahar 1996 ce, gigabait 4.7 ko 8.5, layukan hotonta 480 ko 576, in ka ɗora ta a babbar tibi ta yanzu dishi-dishi za ka gani, na intanet ya fi ta nesa ba kusa ba. Daga Blu-ray na 2006 zuwa sama ake maganar.

Yanzu laifin na'urar tawa, don tana da shi. Na farko jinkiri, ka saka faifai ta yi ta gurnani kusan minti guda, sannan gargaɗin haƙƙin mallaka da tambarin kamfani su fito kana danna tsallake tana ce maka ba a yarda ba. Na biyu faifan 4K ba ya son datti ko kaɗan, wata rana ana tsakiyar rikici a fim hoton ya daskare cak, na fito da shi na ɗaga a haske sai ga shatin ɗan yatsa guda ɗaya tal, na goge da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki ya ci gaba, amma daɗin ya riga ya tafi. Sai batun shiyya, DVD an raba duniya da lambobi 1 zuwa 6, Blu-ray kuma A da B da C, in ka yi odar faifai daga wata nahiyar na'urarka na iya ƙin karɓa, sa'a dai shi na 4K ba a kulle shi ba. Ga cin wuri, kanta ɗaya ta cika tun yanzu.

Shi kuwa kallo ta intanet sauƙinsa ba a magana. Fim mai dogon zango, zanen yara, fim ɗin da kake so ka ɗanɗana minti goma ka watsar, ka fara a tibi ka ƙarasa a waya kana kwance, ba faifan da zai yi maka wannan, kuma da yawa daga cikin sababbin ma ba a buga su a faifai sam. Abin da ke ci min rai shi ne in netwok ya yi rauni fuskokin mutane su narke, ko da'irar nan ta fito tana juyawa daidai lokacin da za a faɗi wanda ya yi kisan. Ga talla da ta dawo, ga fina-finai sun warwatsu gida-gida sai ka biya uku ko huɗu kafin ka haɗa abin da kake so.

Wanda ke da niyyar sayen na'ura ya sani kasuwar tana tsukewa. Netflix ɗin da ta fara da aika DVD ta gidan waya ta rufe wannan sashen a Satumban 2023, Oppo ta daina ƙera na'urorin tun 2018, Samsung ta bi baya a 2019, LG ma ta janye a 2024, yawanci Sony da Panasonic ne suka rage. Amma in kana da na'urar gem ta PlayStation 5 mai ramin faifai ko Xbox Series X, na'urar tana ɗakinka ba ka sani ba, gwada da ita tukuna.

Ni dai yadda na tsara, sabon fim a intanet nake fara kallonsa, in bayan sati biyu har yanzu yana min yawo a kai sai in nemi faifansa. Mai ƙaramar tibi ko wanda waya ce sinimarsa kada ya wahalar da kansa. Fim ɗin nan da ya ɓace min kuwa shi na fara saya, kuma da na duba jiya har yanzu bai dawo manhajar ba.